Ciwo Bai Samu Suna Ba, Mun Riga Mun Sayo Magani

Akwai wani magani da ake kira vemurafenib. Ko kana da kuɗin sayensa, ko kai ɗan wane ne, likitan da ya san aikinsa ba zai rubuta maka shi ba sai an yanki ɗan nama daga ciwon da ke jikinka, an kai ɗakin gwaji, an tabbatar da cewa akwai wani kuskure a cikin wata ƙwayar gado mai suna BRAF. In babu wannan kuskuren, maganin ba naka ba ne, kuma takardar da ke cikin kwalinsa ma ta yi gargaɗin cewa yana iya ƙara wa ciwon gudu. A ranar da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, cikin watan Agustan 2011, tare ta amince da gwajin da za a riƙa yi kafin a ba da shi.

Na kawo wannan ne saboda mu a nan, kan al'amarin fata, a bai-bai muke tafiya. Magani ne ke fara zuwa, sunan ciwo kuma sai daga baya, in ma ya zo. Ra'ayina, kuma shi nake so 'yan uwana ɗalibai mu yi gardama a kansa, shi ne: abin koyi mafi girma a cikin waɗannan sababbin magunguna ba ƙwayar da ake haɗiya ba ce, wadda yawancinmu ba za mu taɓa gani da ido ba. Tsarin ne, na cewa sai an san abokin gaba kafin a ɗana baka. Wannan kam muna da halin ɗauka tun yau.

Bari in ɗan koma aji. A can ƙasan fatar kowane ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin jiki da aikinsu shi ne sarrafa launi, wani sinadari da ake kira melanin. Adadinsu a jikin Bature da jikin baƙar fata kusan ɗaya ne, bambancin yana ga yawan launin da suke fitarwa da irinsa. In suka kasa yin launin tun daga haihuwa, a samu zabiya. In garkuwar jiki ta juyo ta kashe su a wasu wurare, a samu farin tabon nan da likitoci ke kira bitiligo, wanda wasu ke ce wa albaras. In suka yi aiki fiye da ƙima, a samu baƙin tabo, kamar wanda ke fito wa wasu mata a kumatu lokacin goyon ciki. In kuwa suka haukace suka dinga hayayyafa ba tsayawa, to shi ne melanoma, sankarar fata mafi saurin kisa. Ƙwayoyi iri ɗaya ne, matsaloli huɗu, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar.

A 2002 ne masu bincike a cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila suka gano cewa melanoma da yawa na ɗauke da kuskure a BRAF. Ka ɗauki BRAF kamar makunnin injin nika. A lafiyayyen jiki, sai an ce masa kunna yake kunnawa, ƙwayar ta rabu gida biyu, sannan ya mutu. Kuskuren da ake kira V600E, wato musanyar tubali ɗaya tak a gurbi na 600 na wannan furotin, yana sa makunnin ya maƙale a kunne. Kusan rabin melanomar da ake gani a Turai da Amurka haka take. Vemurafenib an ƙera shi ne ya shiga daidai wannan makunnin ya toshe shi, har sunansa ma daga V600E da BRAF aka harhaɗo shi. A babban gwajin da aka yi, ciwon ya motse a jikin kusan rabin waɗanda suka sha shi, alhali tsohon maganin da ake ƙarawa ta jijiya, dacarbazine, bai wuce mutum biyar cikin ɗari ba.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Bayan wata shida ko bakwai, a jikin mutane da yawa ciwon yakan samo wata hanyar ya kewaye shingen ya dawo. Sai aka ƙara wani magani da ke tare hanyar a mataki na gaba, wurin da ake kira MEK. Haɗin dabrafenib da trametinib kenan, wanda aka amince da shi a 2014. Da wannan haɗin, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ciwon ya riga ya bazu a jikinsu suna raye bayan shekara biyar. A da, irin wannan mara lafiya da wuya ya cika shekara. Akwai kuma wani rukunin da ke bi ta wata hanyar daban, yana kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta yaƙi ciwon da kanta. Shi aka ba Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda iyayenmu suka fi sani da yaƙi da kurkunu. A 2015, yana da shekara 90, melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata, aka gasa na ƙwaƙwalwar da haske, aka sa shi a kan pembrolizumab. Bai rasu ba sai a Disambar 2024, yana da shekara 100.

To, duk wannan labari ne mai daɗi. Ina matsayinmu a ciki?

A nan ne abin ya fara yi mini ciwo. Melanomar da aka gina waɗannan magunguna a kanta ita ce wadda rana ke haddasa wa masu farar fata a baya, a kafaɗa, a ƙwauri. Baƙar fata tana da kariya daga wannan, shi ya sa ciwon bai yawaita a cikinmu ba, alhamdu lillahi. Amma in ya zo mana, ya fi zuwa inda launin ya yi ƙaranci kuma rana ba ta cika dukansa ba: tafin ƙafa, diddige, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Wannan nau'in ba ruwansa da rana, kuma a cikinsa kuskuren BRAF ɗin nan bai wuce mutum ɗaya cikin biyar ba, wani lokaci ma bai kai ba. Ma'ana, ko da a ce yau wani attajiri ya sauke tirelar vemurafenib kyauta a ƙofar asibiti, yawancin masu ciwon a cikinmu ba zai yi musu komai ba. Wasu kaɗan suna da kuskure a wata ƙwayar gadon mai suna KIT, kuma wani tsohon magani, imatinib, wanda tun 2001 ake ba masu wata sankarar jini, yana taimaka wa wasunsu. Wannan ma sai an gwada za a sani. Su kuma magungunan garkuwar jiki, ba su cika yin ƙarfi a kan ta tafin ƙafa kamar yadda suke yi a kan ta rana ba.

Ga kuma kuɗi. A Amurka haɗin magungunan nan biyu ya haura dala dubu goma a wata guda. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira dubu 70 ne. Kowa ya yi lissafinsa.

Da yawa daga cikinmu sun san Bob Marley, ko ba sa jin waƙarsa sun ga hotonsa a jikin riga ko a bayan adaidaita. Ba kowa ya san abin da ya kashe shi ba. A 1977 aka ga wani ciwo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, da farko aka ɗauka targaɗen ƙwallo ne. Melanoma ce. Likitoci suka ba da shawarar a cire yatsan, bai yarda ba. Ta bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa, ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36. Mutumin da ke da kuɗi da suna da likitoci kenan. Yanzu ka kwatanta da manomin da baƙin tabo ya fito masa a diddige. Da farko za a ce ƙaya ce ta karye a ciki. In ya ƙi warkewa a ce kaushi ne ya tsage. In ya fara zubar da jini a je kemis a sayo kafso a farke a barbaɗa. In ya kumbura a ce ya taka wani abu, jifa ne, a kira wanzami ya tsaga. Sannan ga maganar nan da ta zauna a kan mutane daram, wai daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙar likita sai ya fusata. Kafin a isa asibiti kaluluwa ta fito a matsematsi, kuma wannan kaluluwar alama ce ta cewa ciwon ya bar ƙafa ya kama hanya.

Abin takaicin shi ne, wuƙar da ake gudu ita ce maganin da ya fi duk waɗancan ƙwayoyin masu tsada. Likitoci suna auna melanoma ne da zurfinta a cikin fata. Wadda ba ta kai milimita ɗaya ba, in aka yanke ta tare da ɗan naman da ke kewaye, fiye da mutum tara cikin goma suna tsira, ba tare da wani maganin dala ba. Wadda ta haura milimita huɗu labarinta daban ne. Ɗauki rula ka duba tsakanin milimita ɗaya da huɗu. A cikin wannan ɗan tazarar ne watannin da muke ɓatawa a kemis da gidan mai magani suke tafiya. Shi ya sa ake cewa ƙarfe ne ya kashe wane: an kai shi ne bayan aikin gama ya gama, sai laifin ya faɗa kan likitan ƙarshe.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an faɗa mini: ke kuma, ga zazzaɓin cizon sauro, ga taifot, ga kuɗin makaranta, sai ki ɗauko mana ciwon da a shekara ba a ganin mutum nawa? Gaskiya ne, bai yawaita ba, kuma a shekarunmu ya fi ƙaranci, ya fi kama manya. Ba na so wani ya karanta wannan ya kwana yana haska tawadar Allah da ke wuyansa da fitilar waya. Amma ai muna da iyaye da kakanni a gida, mu ake kira 'yan boko, mu ake nuna wa ciwo a ce duba mini. Kuma halin da ke kashe mai melanoma, wato shafa magani a kan abin da ba a san sunansa ba, shi ne dai halin da ke cikin jakunkunanmu a hostel.

Mu zo kan bilicin, tunda kowa ya san can na nufa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata. Ana iya gardama kan adadin, amma wanda ya taɓa shiga banɗakin hostel ya ga robobin da ba su da suna, ya san ba ƙaramin abu ba ne. Me ke cikin haɗin? Galibi abu uku. Akwai haidirokwinon, wanda ke toshe sinadarin da ke fara haɗa melanin. Shi fa magani ne na gaske, likitocin fata suna rubuta shi ga mai baƙin tabo, a ɗan wuri, na 'yan watanni, sannan a tsaya. In aka mayar da shi man shafawa na shekara da shekaru, sai ya juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da wuya wanda fitar da shi ke da matuƙar wahala. Akwai sitiroyid masu ƙarfi irin su clobetasol, waɗanda ke sa fata ta yi siriri kamar leda, nankarwa ta tsattsage ta, rauni ya ƙi haɗewa, kuma in suka shiga jini da yawa su taɓa suga da hawan jini. Sai zaiba, wato makuri, da ke zuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa, har ya isa ga jaririn da ke ciki.

Ba na cewa bilicin ne ke kawo melanomar tafin ƙafa, kar a ce na faɗa. Abin da nake cewa shi ne, ƙwayoyin launin nan da masana suka shafe shekaru suna nazari kafin su kuskura su taɓa makunni ɗaya a cikinsu, mu wata 'yar haɗi a Instagram ce ke zuba musu guba kala uku a kofi ɗaya, ba awo ba gwaji. Kuma melanin ɗin da ake kashewa shi ne laimar da ta raba mu da sankarar rana. Likitoci a Senegal sun ba da rahoton wata sankarar fatar daban a jikin matan da suka daɗe suna bilicin. Wanda ke son ganin yadda rayuwa take ba tare da wannan laimar ba a ƙarƙashin ranar nan tamu, ya tambayi 'yan uwanmu zabiya, waɗanda sankarar fata ke ɗauka tun suna matasa, kuma abin da suka fi buƙata hula mai faɗi ce, da riga mai dogon hannu, da man kare rana da kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinsu. Maza kuma kar ku yi dariya. Ku ne kuke zama a bakin kafteriya kuna cewa fara ko mayya ce, kuma wallahi mun ga gaɓoɓin yatsun wasunku.

Farin tabo ma haka. Wuri ya yi fari a fuska ko a baya, nan take kowa ya zama likita. Alhali yana iya zama ƙyasbi, wanda naman gwari ne, maganinsa mai sauƙi. Yana iya zama kuturta, musamman in wurin ba ya jin taɓi, kuma maganinta kyauta ne, tana warkewa sarai in aka kama ta da wuri. Yana iya zama bitiligo, wanda ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ko da kwano ɗaya kuke ci, kuma yana samun kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya. In ka shafa man sitiroyid na kemis a kan ƙyasbi ko makero, ƙaiƙayin zai lafa kwana biyu, naman gwarin kuma ya samu taki ya bazu, kamanninsa su sauya har likita ya sha wuyar gane shi.

Shi bitiligo ma yanzu ya samu nasa maganin mai saiti. An gano cewa sojojin garkuwar jiki da ke kashe ƙwayoyin launi suna karɓar umarni ne ta wata hanya da ake kira JAK. A Yulin 2022 Amurka ta amince da wani man shafawa, ruxolitinib, da ke toshe wannan hanyar. A gwajin da aka yi, kusan mutum uku cikin goma sun samu yawancin launin fuskarsu ya dawo cikin wata shida, bayan shekara guda kuma kusan rabi. Ba kowa yake yi wa ba, ba dare ɗaya ba ne, kuma yana da tsada. Amma dubi bambancin tunani: su suna kashe dukiya don launi ya dawo, mu muna kashe kuɗin handawut don ya tafi. Ranar bitiligo ta duniya ma, 25 ga Yuni, wata 'yar Najeriya ce mai wannan larurar, Ogo Maduewesi, tana cikin waɗanda suka assasa ta, daga wani taro da ta shirya a Legas a 2011. Mu kuwa har gobe akwai wanda zai matsa a benci in mai farin tabo ya zauna kusa da shi a lakca.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce ta talauci, kuma ba zan raina ta ba. Mutum ba ya zuwa kemis don yana ƙin likita. Yana zuwa ne don kemis na bayan gida, ba kati, ba layi, ba kuɗin mota. Likitocin fata kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane. Gwajin BRAF kuwa ba abin da za ka samu a asibitin ƙaramar hukuma ba ne. Duk na yarda. Amma matakin farko ba gwajin BRAF ba ne. Matakin farko shi ne a yanki naman a sa a kwalba da ruwan fomalin, a aika inda za a yanka shi siriri, a rina, a duba a madubi. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen da ke wannan aikin, kuma ƙaramin asibiti na iya aika samfuri can. Kuɗinsa, ko da ya yi nauyi, bai kai abin da iyali ke kashewa cikin wata shida na yawon neman magani ba, balle kuɗin yanke ƙafa. Abin da ya kamata mu koya wa mutanenmu jimla ɗaya ce da za su faɗa wa duk wanda ya zo cire musu wani baƙin tsiro: kar a jefar, a kai gwaji. Sau da yawa a ƙananan wurare akan yanke, a ɗinke, a jefa naman a shara, a sallami mutum ba tare da kowa ya san abin da aka cire ba.

Abin da za a duba ba shi da wuya. Baƙin tabo a tafin ƙafa ko hannu da ke girma, ko gefensa ba daidai ba, ko launinsa ya haɗa baƙi da ja da toka. Gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba. Baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi, musamman in baƙin ya tsallako kan fatar da ke gindin farcen. Siraran layuka a farata da yawa abu ne da aka saba gani a baƙar fata, ba su ne abin tsoro ba, wanda ke sauyawa shi ne. Mu mata muna da ƙarin aiki, domin lalle yana rufe daidai wuraren nan biyu, tafin ƙafa da farce. Ba na hana kowa ƙunshi, ni ma ina yi. A dai duba kafin a ɗaura, kuma mai zuwa asibiti kan tabo ta bari ya goge tukuna.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma, duk shekara ana makon lafiya, ana auna jini, ana raba riguna, a ɗauki hoto a watse. A bana a gayyato likitan fata ko da na yini ɗaya ne, a ware ɗaki biyu, na maza da na mata, wanda ke da tabon da ke damunsa ya nuna. A tambayi ɗalibanmu zabiya abin da suke buƙata, ko da wurin zama ne a gaban aji da inuwa a layin rajista. Mu kuma 'yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji, ba mu ne ke yanke hukunci kan naman mara lafiya ba, wannan aikin masu shi ne. Amma gano haidirokwinon a cikin man shafawa bai fi ƙarfin kayan aikin da ake koya mana ba. Maimakon furojet na goma sha kan ruwan leda, 'yan ajin da ke bayanmu su sayo haɗin da ake sayarwa a bakin get, su cire sunayen masu sayarwa, su gwada, su kawo wa wannan mujallar sakamakon ta buga.